Ni Na Ce Su Matso

Masu karatu, ku yi haƙuri da shirun da na yi kwana tara. Waɗanda suka yi ta turo saƙo suna tambaya ko an sa rana, ba a sa ba. Wanda kuma ya rubuto cewa mai furfura ba ya soyayya, na gani, Allah ya kai ka shekaruna da sauran haƙora a bakinka.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ni mai ɗaukar hoto ne. Shekarata arba'in da tara, ashirin da shida daga ciki a bayan kyamara na yi su. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, saboda haka abin da ya faru shi zan faɗa, ban iya ado ba. Matata ta rasu shekara shida da suka wuce, Allah bai ba mu haihuwa ba. Akwai wata mai ɗinki da shagonta ke kallon nawa, titi ne kawai tsakaninmu. Tela nake ce mata, ita kuma ta ce min Mai Hoto. Aurenta ya mutu shekara goma sha ɗaya, 'ya ɗaya gare ta. Shekara biyu ke nan ina nemanta, kullum amsar ɗaya ce: "Bari in aurar da yarinyar nan tukuna."

To, Asabar ɗin da ta wuce aka aurar da yarinyar. Ni na ɗauki hoton bikin.

Ana gobe biki da yamma ina goge gilasan kyamara saƙonta ya shigo.

"Mai Hoto, abu biyu. Na ɗaya, yayana zai zo, na gaya masa maganarka. In an watse zan haɗa ku."

Na rubuta: "Alhamdulillahi. Na biyun fa?"

"Uban yarinyar ma zai zo. Don Allah kar ka haɗa ni da shi a hoto ɗaya. Danginsa sun fara wata magana, ba na son a samu abin riƙewa."

"An gama."

"In turo maka hotonsu ka gane su?"

A nan na yi wautar da har yanzu take ci na. Na rubuta mata: "Ni za ki nuna wa fuska? Shekara ashirin da shida ina karanta fuskokin mutane. Daga goshi da hanci nake gane wa ya haifi wa."

Ta turo min 'yar fuskar dariya. Ta ce, "Allah ya shirye ka."

Kuma ba ƙarya na yi mata ba. A biki ba na tambayar waye wannan. In shiga taro in duba, in ce ke ƙanwar uwa ce, kai ɗan baffa ne, ku dawo nan, kuma ya zama haka. Da wannan aka san ni. Har faɗa nake wa masu ɗaukar hoto na yanzu da suke yawo da takarda suna kiran suna kamar a asibiti.

Da asuba yayata ta kira. Ita ta riƙe ni bayan iyayenmu, har gobe gani take ban iya ɗaure wando ba.

"Ka sa rigar kirki?"

"Yaya, aiki zan je."

"Aiki da neman aure za ka je. Kar ka sa min wannan 'yar sharar mai aljihu goma kamar mai gyaran rediyo. Kuma ka riƙe bakinka. Bakinka ne ya hana ka aure shekara shida, ba rashin mata ba."

"Na ji."

"Ba ka ji ba. Na gaji da aiko maka abinci a kwano, ni ma na tsufa."

Na sa farar riga sabuwa, na ɗora 'yar sharar a kai. Batir da katin hoto ba sa zama a aljihun kwalliya.

Ƙarfe bakwai ina gidan Tela. Ɗaki biyu ne da falo, amma ranar mutum arba'in ne a ciki. Zare a ƙasa ko'ina, an ture keken ɗinki bayan ƙofa an lulluɓe shi da zanin gado, takalma sun yi tudu a bakin ƙofa. Mai kwalliya ta zaunar da amarya a inda babu haske, na ce a ja kujerar bakin taga. Ta ce ita a nan ta saba. Na ce to ki ɗauki hoton da kanki. Aka ja kujerar.

Wanda bai yi aikin nan ba gani yake danna maɓalli ne kawai. Ka durƙusa, ka miƙe, ka hau kujera, ka sauko. Ka ɗauki takalmi, ka ɗauki zobe, ka ɗauki hannu a kan hannu. Ka ce a yi murmushi ga mutanen da jiya suka yi faɗa a kan kujeru. Gwiwata ta hagu ta daɗe da daina son biki. Ni kaina na daɗe da dainawa. Farin cikin mutane nake ɗauka in wanke in sa a firam in miƙa musu, in koma ɗakina in ci abinci a tsaye.

Tela ta fito daga ɗaki wajen tara. Ta ɗinka wa mutum goma sha huɗu kayan bikin, nata ta bari ƙarshe. Leshi ne ruwan zuma, doguwar riga, da mayafi mai siririn baki na zaiba. Ƙasan rigar ba ta samu kalmashewa ba, da allura huɗu ta kama shi. Ni kaɗai na lura.

"Kin yi kyau," na ce a hankali, ina yi kamar ina duba kyamara.

"Ka yi aikinka, Mai Hoto. Idona kamar an zuba barkono."

"Ba ya fitowa a hoto."

"Kai dai ka tuna abin da na ce."

Amarya ta leƙo ta madubi. "Baba Mai Hoto, me kuke ƙus-ƙus?"

"Rufe baki, jan bakinki zai ɓaci."

Sha ɗaya muka isa ɗakin taron. Babban zaure ne mai fankoki a sama da matakala shida a bakin ƙofa. Rana ta riga ta hau, irin hasken da yake sa ramin ido ya yi baƙi. Ina da wani faifai mai ƙyalli da muke mayar da haske fuska da shi, amma sai an riƙe min. Ni kaɗai nake aiki. Ina waige-waige sai wani dattijo siriri ya taso daga gefen matakala. Riga ruwan toka, ba sabuwa ba amma ta sha guga, da carbi a hannu.

"Kawo in riƙe maka."

"Yallaɓai, za ka gaji."

"Zaman ma gajiya ne."

Na dube shi sau ɗaya na gama karatuna. Goshin amarya ne sak. Wushiryarta ce a bakinsa. Kuma yadda yake karkata kai in yana sauraro, haka Tela take yi. Na ce a raina, wannan shi ne yayan. Jini ba ya ɓuya.

Sai kuma ga wani ya sauko daga mota, ƙato, da babbar murya da baƙin tabarau, yana ba direbobi umarni, yana kiran Tela da sunan yarinta a gaban mutane. Ta gan shi ta sunkuyar da kai. Na ce yawwa, ga mutumin. Dama haka na zana shi a kaina shekara biyu. Wanda zai saki mace irin wannan ai sai mai tumbi da girman kai.

Daga nan na sa masa ido. Duk inda ya matso kusa da ita, in ce, "Malam, ka tare min haske." Ya ja baya. Ya sake dawowa lokacin yanka kek, na ce, "Malam mai tabarau, fita daga hoton nan."

Ya cire tabarau. "Da ni kake?"

"Akwai wani mai tabarau?"

Mutane suka yi dariya. Tela tana can an kewaye ta, ba ta ji ba. Shi kuwa ya dube ni daga hula har takalmi, ya mayar da tabaransa, ya koma kujera. Raina ya yi fari. Na ce na yi mata aiki.

Siririn kuwa yini ya yi yana bina da faifai. Ban taɓa samun mai riƙe haske kamarsa ba. Kafin in ce karkata, ya karkata. Da muka samu sarari ya kawo min ruwa, muka tsaya bayan lasifika. Na ce bari in fara gyara hanyata.

"Uwar amarya ta yi ƙoƙari," na ce.

"Ta yi."

"Ita kaɗai ta riƙe yarinyar nan. Da keken ɗinki."

Ya ja carbi biyu. "Na fi kowa sani."

"Irin wannan mace ba a barinta ta zauna haka."

Ya dube ni, ya daɗe. Ya ce, "Gaskiya ka faɗa, Malam. Wallahi gaskiya ka faɗa."

Na ji kamar an ba ni ita an gama.

Ƙarfe uku aka fito hoton dangi a kan matakala. Shi ne wurin da ya fi kowane wahala. Kowa yana son gaba, tsofaffi suna son zama, masu waya sun tsaya a bayana suna ɗaga hannu. Muryata ta dushe, rigar da Yaya ta sa na saka ta manne a bayana. Na yi dangin ango, na sallame su. Na ce, "Amarya da ango da uwar amarya."

Suka tsaya. Ango dogo ne, yana dama. Amarya a tsakiya, Tela a hagu. Na duba ta kyamara, hoton ya karkace. Gefen Tela fayau, bango ne kawai da wayar lantarki. Ido na aiki ba ya barin irin wannan. Ƙaton ya fara tasowa daga kujera, na ɗaga masa hannu.

"Zauna, ba kai ba."

Na juya na karɓi faifan daga hannun siririn. "Yallaɓai, hau ka tsaya kusa da ita."

Ya ce, "A'a, Malam, bari dai."

"Hau mana. Tun safe kake wahala, ba ka shiga ko ɗaya ba."

Wurin ya yi tsit. Ni na ɗauka gajiya ce. Tela ta ce, "Mai Hoto, bar shi haka, ya yi."

Masu karatu, ku ji abin da na ce wa matar da nake so a gaban mutum ɗari. Na ce, "Ke dai tsaya yadda na sa ki. A ɗinki ke ce gwana, a nan ni ne."

Amarya ta kama hannun uwarta, ta ce da ƙaramar murya, "Mama, don Allah. Guda ɗaya."

Ya hau. Ya tsaya nesa da ita kamar taku biyu, hannuwa a baya.

"Matso."

Ya matso kaɗan.

"Matso sosai. Mota za ta wuce tsakaninku? Ku da kuka tashi gida ɗaya, kunyar me kuke ji?"

Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan!"

Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, fuskoki kamar an kawo su gaban alƙali. Ina da wata dabara ta irin wannan lokaci. Nakan ce wa mutum biyu su kalli juna, kowa ya tuna abin da ɗayan ya taɓa yi masa na ban haushi. Ba ta taɓa faɗuwa ba, dole a yi dariya. Na faɗa musu haka.

Ba su yi dariya nan take ba. Ya juyo, ta juyo. Ya ce mata wani abu gajere wanda ban ji ba, yana nuna ƙasan rigarta da ido, wurin alluran nan. Sai ta fashe da dariya, ta kai bakin mayafi za ta rufe baki, ba ta kai ba. Na danna. Bakwai na ɗauka a jere.

Na duba bayan kyamara. Na huɗun, wallahi, a shekara ashirin da shida ban fi biyar irinsa ba. Amarya ta sauko da gudu tana tattare riga, ta leƙa, ta sa hannu a baki.

"Baba! Baba, zo ka gani! Kai da Mama!"

Na waiga wajen ƙaton. Bai motsa ba. Siririn ne ya sauko.

Ban san yadda zan gaya muku ba. Kamar a ce kana tafe a kan matakala ka taka inda babu. Tsohuwar nan ta bayana, ashe yayar mutumin ce, gwaggon amarya, ta kama kyamarar tana ja da igiyar a wuyana.

"Ku zo ku gani! Shekara nawa ina faɗa? Ku dubi yadda take kallonsa! Mai Hoto, babba za ka wanke mana, wanda zai cika bango."

Ƙaton ya taso a hankali, ya tsaya gabana. Tela ta sauko, fuskarta ba dariya yanzu.

"Yaya," ta ce masa, "wannan ne Mai Hoton da na gaya maka."

"Mun gaisa," ya ce. "Sau uku ya kore ni daga hoton 'yar ƙanwata."

Na ce, "Yallaɓai, kuskure ne."

"Na gani. Ka iya aiki dai." Ya dubi siririn, ya dubi ƙanwarsa. "Ka haɗa abin da mu muka kasa."

Ya wuce mota. Ba a yi wata haɗuwa bayan an watse ba.

Sauran bikin na ƙarasa shi, don aiki aiki ne. Na ɗauki fitar amarya, na ɗauki kukan ƙawaye, na naɗe kayana. Siririn ya zo ya miƙo min jakar faifai, ya riƙe hannuna da nasa biyu ya ce ya gode. Na so in tsane shi. Na duba ko'ina a jikinsa ban samu wurin kamawa ba.

Kafin magariba Yaya ta kira.

"Yaya aka yi? Ka ga yayan nata?"

"Na gan shi."

"Me ya ce?"

"Ya ce na iya aiki."

"Me ka yi?"

"Yaya, gwiwata ke ciwo. Sai da safe."

Lahadi ban buɗe shago da wuri ba. Na shiga ta baya, na bar ƙofar gaba a saye, na zuba hotuna a kwamfuta. Dubu ɗaya da wani abu. Saƙonni suna ta shigowa. Amarya: "Baba Mai Hoto, na Mama da Baba shi za ka fara turowa." Wata lamba da ban sani ba, saƙon murya ne daga gwaggon: a yi firam mai ruwan gwal. Masu waya sun ɗauka su ma, an turo min biyu, amma rana tana gabansu, duk inuwa ce, ba a ganin fuska. Nawa ne kaɗai ya kama abin.

Daga Tela ba ko gaisuwa. Na rubuta "Ki yi haƙuri" na goge. Na rubuta "Kin tashi lafiya" na goge. Shagonta a rufe, ina hangensa ta tsagar ƙofa.

Bayan la'asar aka tura ƙofa. Ita ce, da tsohon mayafinta na zuwa aiki, ba kwalliya, idon ya faɗa.

"Sannu da aiki, mai karanta goshi."

"Tela, na yi kuskure."

"Abu ɗaya na roƙe ka. Ɗaya."

"Na sani."

"Tun jiya wayata ba ta huta ba. Gwaggon yarinyar ta zo da safe da mata uku. Yayana ya ce in yi tunani, wai mutumin ya yi sanyi, wai yarinya za ta samu gidan zuwa. Yarinyar ma daga gidan mijinta kuka take min." Ta zauna a kan bencin da masu hoton fasfo suke zama. "Shekara goma sha ɗaya na yi ina gina katanga, ka zo da 'matso, matso' ka rushe."

Ta nuna kwamfutar da haɓa.

"Nuna min."

Na juyo mata kwamfutar. Na buɗe na huɗun, ya cika gilashin. Ga ango, ga amarya, amma ba wanda zai kalle su. Ita za a kalla. Kai a karkace, mayafi a hannu bai kai baki ba, ido a kansa. Na ɗauki matar nan hoto ya fi sau ɗari a shekara biyu, a bakin shago, a kan keke, da sabon ɗinki. Ban taɓa samun wannan fuskar ba.

Ta daɗe tana kallo. Fanka tana juyawa, wani yana ta danna hon a titi.

"Me ya ce miki?" na tambaya.

"Ba ruwanka."

"Da ruwana. Ni ba yaro ba ne, Tela. Shekara biyu na jira. In komawa za ki yi, gaya min yau, in san inda zan ajiye raina."

"Wa ya ce maka zan koma?"

"Hoton."

Ta juyo a fusace. "Hoto magana yake? Daƙiƙa ɗaya ce. Kai ka ce a yi dariya, aka yi."

"Na sa dubban mutane dariya. Na san ta umarni, na san wadda ba ita ba."

"Ka san goshi ma ai."

Wannan ta shige ni.

Ta gyara mayafi, ta miƙe. "Wa ka tura wa?"

"Ba kowa."

"Akwai shi a wani wuri?"

"Nan ne kawai. Na riga na share katin."

"To goge shi. Duka bakwai ɗin. Ka ce musu ya lalace. In babu shi, maganar za ta mutu da kanta, ni kuma in san yadda zan lallashi yayana a kanka."

A aikina ban taɓa goge hoto mai kyau ba. Ko na wanda muka yi faɗa, ina ajiyewa. Amma ranar ban yi gardama ba. Na zaɓi bakwai ɗin, suka yi shuɗi. Kwamfuta ta tambaya ko na tabbata. Na ɗora yatsa.

Sai na ji an riƙe min hannun riga.

"Tsaya," ta ce.

Ba ni take kallo ba. Idonta yana kan gilashin.

Shekara biyu, masu karatu, ko gefen rigata matar nan ba ta taɓa taɓawa ba. Ranar ta riƙe, ta riƙe da ƙarfi har na ji farcenta. Kuma ba don ni ba.